Zama Da Raunin Zuciya A Ƙasar Garwa

Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa a babban asibitin Garwa, ko na Gider, ko na Marwa, ya san irin majinyacin da za mu yi magana a kansa, ko da bai san sunan ciwonsa ba. Akan kawo shi a zaune, domin ba ya iya kwanciya, ƙafafu sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, ciki ya tara ruwa, numfashi kuwa yana fita da ƙyar, ba ya iya kai ƙarshen sallama sai ya tsaya ya huta. A yi masa allura a jijiya, kafin asuba ya yi fitsari mai yawan da zai ba masu jinya mamaki, bayan mako guda sai ga shi yana takawa zuwa alwala da ƙafarsa, 'yan'uwa na zuwa barka da arziki. Ranar sallama a ba shi takardar magani, a ce ya komo bayan wata ɗaya. Ya sayi maganin, ya sha har ya ƙare, ya dubi ƙafarsa ya ga ta saɓe, ya ce alhamdu lillahi ciwo ya tafi, bai ga dalilin da zai sa ya sake kashe kuɗin mota da na likita ba. Bayan wata biyu ko uku sai a komo da shi bisa halin da aka fara kawo shi, sau da yawa ma fiye da haka.

Wannan ciwo shi ne likitoci ke kira raunin zuciya, wato gazawarta wajen tura jini gwargwadon bukatar jiki, kuma abin da na fi so mai karatu ya riƙe shi ne, lokacin da ya fi hatsari ga mai wannan larura shi ne lokacin da ya ji sauƙi, domin a nan ne yakan saki igiyar da ke riƙe da shi. Kwanakin asibiti kaɗan ne daga cikin jinyar. Mafi yawanta a gida ake yi, a madafa, da wajen sayen magani, da cikin shawarar da iyali ke yankewa kan abin da za a kashe wa kuɗi a wannan wata, kuma jinya ce ta shekaru.

Zuciya tsoka ce da ba ta fi dunƙulen hannun mai ita girma da yawa ba, tana da ɗakuna 4 da ƙofofi 4 masu marfi, waɗanda Allah Ya hukunta su buɗe ta fuska ɗaya kaɗai don kada jini ya koma baya. Tana bugawa kimanin sau 100,000 a yini da kwana, tana tura jini wajen lita 5 a kowane minti alhali mutum na zaune bai motsa ba. Ɓangaren dama yana aika jini zuwa huhu ya ɗauko iska, na hagu ya karɓa ya watsa shi ga sauran jiki. Wannan zagaye ta cikin huhu kuwa, malamin ɗibbu Ibnun Nafis, wanda ya rasu a Alƙahira a 1288, shi ya bayyana shi tun kafin Bature William Harvey na Ingila ya rubuta littafinsa kan zagayen jini a 1628. To, idan ƙarfin tsokar ya ragu, ko ta sandare ta kasa buɗewa ta cika, sai jinin da ya kamata ya wuce ya taru a baya. Wanda ya taru bayan ɓangaren hagu yakan tsiyaye ruwa cikin huhu, shi ne asalin haki da tarin dare da farkawa firgigit ana neman iska, har wasu su zaci fuka ce. Wanda ya taru bayan ɓangaren dama kuwa yakan sauka ƙafafu da ciki, ya kumbura hanta, ya toshe wa mutum cin abinci.

Akwai kuma wani abu da ya fi wannan ɓoyuwa, wanda in ba a fahimce shi ba, ba za a gane hikimar magungunan ba. Sa'ad da jinin da ke isa ƙoda ya ragu, ƙoda ba ta da hanyar sanin cewa laifin daga zuciya yake. Sai ta ɗauka jiki ya zubar da jini ne, ta shiga riƙe gishiri da ruwa, jiki kuma ya saki waɗansu sinadarai da ke matse jijiyoyi suna tsananta bugun zuciya. Wannan tsari rahama ne ga wanda ya ji rauni yana zubar da jini, domin yakan riƙe ransa har a kai shi ga taimako, amma idan ya ɗore wata da watanni a jikin mai raunin zuciya, sai ya zama shi ne ke ƙara mata nauyi, yana faɗaɗa ta, yana cinye sauran ƙarfinta a hankali, ko da mutum yana jin kansa garau.

Game da musabbabin ciwon a ƙasashenmu, an yi wani babban bincike a asibitocin ƙasashen Afirka 9, cikinsu har da Kamaru da Nijeriya, tsakanin 2007 da 2010, aka buga sakamakonsa a 2012. An bi majinyata 1,006 da aka kwantar saboda wannan larura, aka tarar matsakaicin shekarunsu 52 ne, alhali a Turai galibi ciwon 'yan sama da shekara 70 ne. Aka tarar hawan jini ne sanadi ga kusan 45 cikin 100. Aka kuma tarar kusan 18 cikin 100 sun riga mu gidan gaskiya kafin a cika wata 6. Ma'anar wannan ita ce, a wajenmu ciwon yana kama magidanci ne yana tsakiyar ciyar da iyali, manomin auduga a Pitowa, ko direban babbar mota mai bin hanyar Gaundare, ko uwar gida da ba ta aurar da ko ɗaya ba. Hawan jini kuwa, wanda kusan ɗaya cikin manya uku na biranen Kamaru ke ɗauke da shi, ba ya yin sallama: yana iya shekara 10 yana kaurara tsokar zuciya ba tare da ko ciwon kai ba, kuma da an riƙa awonsa ana shan maganinsa, da gadaje masu yawa a asibitocinmu sun zauna babu kowa.

Sanadi na biyu yana farawa ne daga abin da ba a ɗauke shi bakin kome ba, wato ciwon maƙogwaro na yara. Wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, in ba a kashe ta da fenisilin ba, garkuwar jikin yaron kan rikice ta far wa marafan zuciyarsa, su tsuke ko su riƙa yoyo, sai ya kai shekara 15 ko 25 ciwon ya bayyana. Wanda aka gane da wuri akan ɗora shi kan allurar fenisilin duk bayan mako 3 ko 4 har shekaru masu yawa, don kada ɓarnar ta ƙaru. Wanda marfinsa ya riga ya lalace sai fiɗa, fiɗar zuciya kuwa tana da nisa daga Garwa: ana yinta a Duwala, da cibiyar zuciya ta Shisong kusa da Kumbo wadda aka buɗe a 2009, amma rikicin da ya addabi yankin Arewa maso Yamma tun 2016 ya sa hanyar can ta yi wa talaka wuya ƙwarai. Akwai sauran dalilai, kamar ƙarancin jini mai tsanani, da ciwon sukari, da shan giya, da tarin fuka idan ya kama jakar da ke lulluɓe da zuciya, amma wanda ya cancanci a tsaya a kansa shi ne na masu jego, domin ƙasar Hausa ta yi suna da shi a littattafan likitanci na duniya.

A shekarun 1970, likitoci biyu na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, Neil Davidson da Eldryd Parry, sun lura da yawan matan da ke zuwa a kumbure suna haki 'yan makonni bayan haihuwa, har lissafi ya kai kimanin mace ɗaya cikin kowace haihuwa 100, adadin da ba a san kamarsa ba a Turai. A 1978 suka buga bayanin mata fiye da 200, suka jingina abin ga al'adun jego: wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma, da kwanciya bisa gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da kunun kanwa da ake ɗura wa maijego har a yi arba'in. An daɗe a kan wannan fahimta, sai a 1992 likitoci a Yamai suka nuna cewa masu wannan ciwo suna da ƙarancin wani sinadari a jini mai suna seleniyam, daga baya kuma Farfesa Kamilu Karaye na asibitin koyarwa na Aminu Kano da abokan aikinsa suka bi mata a asibitocin Nijeriya da dama, suka ga abin ya fi rataya ga talauci, da rama, da hawan jini na masu ciki, fiye da wankan da kunun. Ni a ganina babu bukatar a yi ta jayayya da kakanni a kan wanka. Abin da babu saɓani a kansa shi ne, da zarar zuciyar maijego ta raunana, kanwa da gishiri da zafin wuta ƙarin kaya ne a kanta, kuma wajibi ne a ɗage su nan take, ko da goggo za ta yi fushi.

Abin baƙin ciki a nan, alamomin ciwon sukan ɓuya a bayan abin da aka saba gani. Maijego ta kumbura, a ce ai jikin haihuwa ne. Ta kasa kwanciya sai a jingine, a ce gajiya ce. Ta yi ta tari, a ce sanyi ya shige ta, a ƙara wa wuta itace. Alhali kuwa wannan nau'i yana cikin waɗanda aka fi samun waraka a kansu, domin mata da yawa zuciyarsu kan komo daidai cikin wata 6 zuwa shekara idan an fara magani da wuri. A jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa da Adamawa na Kamaru akwai takardar lafiya ta masu ciki da gwamnati ta fito da ita tun 2015, wadda ake saye sefa 6,000 ta ɗauki nauyin awo da haihuwa da kulawa har kwana 42 bayan sauka. Ke nan kwanakin arba'in duka suna cikinta, kuma maijegon da ke haki a unguwar Hausare ko Fulɓere ba ta da dalilin jiran a yi wankan ƙarshe kafin a kai ta. Sai dai ga miji akwai magana mai nauyi: matar da zuciyarta ba ta gama komowa ba, sabon ciki na iya zama ajalinta, saboda haka tazarar haihuwa a gare ta larura ce, kuma kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a da malamai suka lissafa.

Kafin a ɗora mutum kan magani na shekaru, ya kamata a yi masa hoton zuciya irin wanda ake ɗora na'ura a ƙirji a ga motsinta, kwatankwacin hoton da ake yi wa mai ciki, kuma ana yinsa a Garwa. Da shi likita ke ganin marafan, ya kuma auna kason jinin da babban ɗakin hagu ke fitarwa a kowane bugu. Lafiyayyar zuciya tana fitar da fiye da rabin abin da ke cikinta. Idan ya sauka zuwa 40 cikin 100 ko ƙasa da haka, an shiga nau'in da magungunan da za mu ambata suka fi yi wa aiki. Kuɗin hoton yakan yi wa mutane nauyi, amma ya fi sauƙi bisa shekara guda ana sayen maganin da ba na ciwon ba.

To, magungunan iri biyu ne, kuma rashin bambance su shi ne ya fi kome cutar da mutanenmu. Na farko shi ne maganin fitsari, furosemid, wanda aka sani da sunan Lasilix a Kamaru, Lasix a Nijeriya. Shi ne ke fitar da ruwa, shi ne majinyaci ke ganin aikinsa da idonsa, shi ya sa yake ƙaunarsa, har in kuɗi suka gaza shi kaɗai yake saye. Na biyu su ne waɗanda ke kashe kaifin sinadaran nan da muka ce suna cinye zuciya a ɓoye. Mutum ba ya jin aikinsu a jikinsa yau ko gobe, amma su ne aka tabbatar suna hana komawa gadon asibiti, suna kuma ƙara kwana da izinin Mai kwana. Misalin abin kamar jakin da ya gaji ne yana hawo gangaren Binuwai da lodin yashi: maganin fitsari yana sauke masa buhu ɗaya ya sami numfasawa, waɗannan kuwa suna karɓe bulalar daga hannun mai kora, su rage masa sauri, su bi da shi ta inda hawan bai yi tsanani ba.

Ba da ka aka faɗi wannan ba. A 1987 wani gwaji a ƙasashen arewacin Turai ya nuna cewa enalafril yana rage mace-mace a tsakanin masu ciwon da ya tsananta, daga nan shi da danginsa irin su kaftofril da lisinofril suka zama ginshiƙi na farko. A 1999 aka nuna cewa sifironolakton, tsohon magani mai araha da ake sayarwa da sunan Aldactone, yana rage mutuwa da kimanin 30 cikin 100, a wannan shekara kuma aka ga irin haka ga masu sassauta bugun zuciya kamar bisofrolol, waɗanda a dā likitoci ke jin tsoron ba wa mai raunin zuciya. A 2019 aka tarar wani maganin sukari, dafagliflozin, yana amfanar zuciya ko ga wanda ba shi da sukari. Waɗannan huɗu su ne likitocin yau ke son haɗa wa majinyaci, uku na farko kuwa ana samunsu a farashi mai dama-dama idan an nemi waɗanda ba na babban kamfani ba. Akwai kuma digoksin, wanda asalinsa wani tsiro ne da likita William Withering ya rubuta a kansa a 1785, yana da amfani ga masu bugun da ya rikice, amma tazarar da ke tsakanin maganinsa da gubarsa ƙanƙanuwa ce, ba a ƙara shi da ra'ayin kai.

Kowannensu yana da ɗabi'arsa, ya kamata a faɗa wa majinyaci tun farko don kada ya firgita ya watsar. Masu sassauta bugu ana fara su ne da ɗan kaɗan a riƙa ƙarawa bayan kowane mako biyu ko fiye, kuma a makonnin farko mutum na iya jin kasala ta ƙaru kafin ƙarfi ya zo. Ba a kuma yanke su rana ɗaya. Enalafril yakan sa wa wasu busasshen tari, akwai madadinsa, kuma haramun ne ga mai ciki domin yana cutar da ɗan tayi. Sifironolakton yakan kumbura nonon wasu maza, kuma shi da enalafril suna bukatar a riƙa gwada jini lokaci-lokaci don a duba ƙoda da sinadarin fotasiyam. Amma babbar tambaya ita ce wadda kowa ke yi: likita, tun da na warke, yaushe zan daina? An gwada wannan a Landan, aka buga sakamakon a 2019: aka ɗauki mutanen da zuciyarsu ta komo daidai har a hoto, aka janye musu magani sannu a hankali ƙarƙashin idon likitoci, cikin wata 6 kusan 4 cikin 10 ciwon ya komo musu. In haka ta faru ga waɗanda hoto ya wanke, ina ga wanda hujjarsa kawai ita ce takalminsa ya shiga?

Daga nan sai madafa, inda hukunci yake hannun wadda ke riƙe da ludayi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma wannan lissafi ya haɗa da wanda ba a gani. Dunƙulen da ake jefawa a miya biyu-biyu uku-uku, wajen rabinsa gishiri ne. Akwai gishiri kuma a yajin tsire, da kilishi, da kifin gwangwani, da burodi. Kanwar da ake sa wa miyar kuɓewa da lalo da wake da ɗanwake, ko da harshe bai ji ta kamar gishiri ba, sinadarin da ke riƙe ruwa a jiki shi ne mafi yawa a cikinta. Ba ana nufin a yanke wa majinyaci hukuncin cin lami ba, domin wanda aka tsananta wa yakan daina cin abinci ya rame, rama kuwa ita ma hatsari ce gare shi. Abin da na ga ya fi dacewa da gidajenmu, inda ake ci a kwano ɗaya kuma ware wa maigida tukunya yakan zame masa abin kunya, shi ne a rage wa tukunyar gida duka sannu-sannu, a cike gurbin da albasa da tafarnuwa da citta da daddawa da tsamiya, harshe kuwa yakan saba cikin 'yan makonni, yara ma su tsira daga hawan jinin da ke jiransu. A kiyayi gishirin da ake tallarsa da sunan na masu hawan jini, domin fotasiyam ne a cikinsa, haɗuwarsa da sifironolakton na iya tsayar da zuciya.

Ruwan sha kuwa mas'ala ce da ba a ɗauko fatawarta daga ƙasar sanyi. A Garwa, cikin Maris da Afrilu, zafi kan haura digiri 40, gumi kaɗai yana fitar da abin da maganin fitsari zai fitar, saboda haka adadin ƙwayar da ya dace da mutum a lokacin hunturu yana iya busar da shi a bazara, ya ji jiri in ya miƙe, ƙoda ta wahala. Haka nan idan gudawa ko amai suka kama shi, a nemi ma'aikacin lafiya a ranar, domin akwai ƙwayoyin da ake dakatarwa har cikin ya tsaya. Ma'aunin da ya fi gaskiya shi ne sikeli: a hau kowace safiya bayan fitsari kafin kalaci, a rubuta, in nauyi ya ƙaru da kilo 2 cikin kwana 3 to ruwa ne ke taruwa, kuma ƙarin ƙwaya na 'yan kwanaki bisa umarnin likita na iya hana kwanciyar mako biyu. Wanda ba shi da sikeli yana da zobensa da takalminsa, yana da yawan matasan kai da yake tarawa kafin ya iya barci, yana kuma da hanyar masallaci, wadda in jiya ya kai ba tsayawa yau kuwa sai da ya huta sau biyu, ta ba shi labari. Amma idan ya kasa haɗa magana saboda haki, ko yana tofar da kumfa, ko ya suma, ko ƙirji ya riƙe, ba a jiran gari ya waye.

Wani abin da ke mayar da mutane asibiti ba su sani ba shi ne maganin ciwon jiki na masu talla a kasuwa da tasha, diklofenak da ibufrofen da gaurayen ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda a ce na gajiya ne. Waɗannan suna sa ƙoda ta riƙe gishiri, suna warware aikin maganin zuciya cikin 'yan kwanaki. Farasitamol ya wadatar. Haka jiƙo da tsimi, waɗanda akan nufa idan aka ce kumburin jifa ne ko sammu: da yawansu da kanwa ake haɗa su, wasu kuma suna sa zawo mai tsanani a ce ciwon ne ke fita. Addu'a da ruƙiyya da sadaka babu mai hana su, kuma neman magani ba ya warware tawakkali, tun da riƙon sababi yana cikin abin da aka umarce mu da shi. Abin tsoro shi ne a ajiye ƙwaya saboda an fara wani abu. Ba a kuma so majinyaci ya lizimci tabarma: tafiya a hankali bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya, gwargwadon yadda zai iya magana yana tafe, tana ƙara masa ƙarfi. Taba da giya kuwa sai hannun riga.

Azumi yana bukatar shawara tun cikin Sha'aban, balle a shekarun da Ramadan ke faɗowa kusa da bazara. Wanda ciwonsa ya lafa, ya yi watanni bai kwanta ba, sau da yawa yana iya yin azumi idan likita ya gyara masa lokutan sha tsakanin buɗa baki da sahur. Wanda bai daɗe da fitowa asibiti ba, ko yake haki yana zaune, ko ƙodarsa ta taɓu, rangwamen da Suratul Baƙara ta yi wa maras lafiya nasa ne, malaman Malikiyya ma sun tafi a kan cewa wanda ya ji tsoron halaka ko cuta mai tsanani, ajiye azumi wajibi ne a kansa. Hukuncin ramuwa ko ciyarwa sai ya tambayi malaminsa, ya faɗa masa haƙiƙanin abin da likita ya ce ba ragi. Salla a zaune ma halal ce ga wanda sujada ke toshe wa numfashi. Na ambaci wannan ne domin dattawa da yawa sun fi jin kunyar a gan su suna shan ruwa da rana bisa tsoron abin da zai same su, kuma kalma ɗaya daga limamin unguwa tana yin abin da likita ba zai iya ba.

Saura maganar kuɗi, wadda ita ce ke ƙarƙashin yawancin abin da ake kira sakaci. Dangi sukan yi karo-karo cikin gaggawa ranar da aka kwantar da mutum, a sayar da akuya, a kira na Yawunde da na Yola, a tara abin da zai sayi ƙwayar wata da watanni. Amma ranar da kwalin magani ya ƙare a gida babu mai jin labari, domin majinyaci ba ya son ya zama mai roƙo. Da za a juya wannan zumunci ya zama na wata-wata, ɗa ko ƙane ɗaya ya ɗauki amanar sayen magani kwana 5 kafin ya ƙare, manomi kuma ya ware kason magani ranar da kamfanin auduga na SODECOTON ya biya shi kamar yadda yake ware na taki, da an huta da yawa. In kuɗin ba za su kai duka ba, a faɗa wa likita ƙarara, shi ya zaɓi abin da ba a bari, maimakon a bar zaɓin ga mai kanti. A riƙa kuma zuwa asibiti da kwalayen maganin duka da littafin awo, musamman ga masu karɓar magani a tsallaken iyaka, inda ƙwaya ɗaya ke da suna biyu har mutum ya sha ta ninki bai sani ba.

Akwai kason da ya fi ƙarfin iyali. Shirin lafiya na bai-ɗaya da gwamnatin Kamaru ta ƙaddamar a Afrilun 2023 ya fara da yara da masu ciki da masu ƙanjamau da tarin fuka da wankin ƙoda, ƙwayar zuciya ta wata-wata ba ta cikin kashin farko. Alhali kuwa ƙasar ta riga ta nuna, ta hanyar masu ƙanjamau, cewa ana iya riƙe mutum kan magani na tsawon rai har a ƙauye: a buɗe masa rajista, a ba shi ƙwayar wata uku a ƙaramin asibitin da ke kusa da shi, in bai zo ba a bi sawunsa. Mai raunin zuciya na Poli ko Tubaro ko Rai Buba irin wannan tsari yake bukata, ma'aikacin jinya da aka horar, da sikeli, da abin awon jini, da lambar wayar likitan zuciya a Garwa don shawara, sai a kira majinyacin birni sau ɗaya ko biyu a shekara don hoto da gwajin jini. Jami'ar Garwa da aka kafa a 2022 tana da sashen koyon likitanci, kuma ɗalibanta, waɗanda da yawansu ke jin Fulatanci da Hausa, su ne suka fi cancanta a ɗora wa aikin zama da majinyaci da uwar gidansa ranar sallama, a ware musu ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, a nuna musu wadda ke fitar da ruwa da waɗanda ba a bari ko ƙafa ta saɓe.